Yankin Lemon Tsami a Giyar Quirin

Ni na yanka lemon farko, kuma da za a mayar da ni wannan ranar sai in ƙara masa kauri. Na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya zaci zan ba da labarin Walburga ne ina nema mata afuwa. Ita ba ta nema ba, ni ma ba zan nema mata ba.

Sunana Kreszenz, amma a garinmu Haselmoos ba mai kirana haka sai limamin coci, kowa Zenzi yake cewa. Ni ce mai girki a mashayar Vitus da ke fuskantar coci, kuma tagar da nake miƙo abinci ta cikinta tana kallon teburin 'yan gida kai tsaye, wato inda mazan gari suka saba zama. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Walburga, wadda muke kira Burgi, 'yar manoma ce daga bayan daji, auta a gidan da aka jera 'yan mata reras. Ta zo mana aiki tana budurwa da akwati ɗaya da takalmin yayarta. An haife ta da jan tabo a kumatun hagu, daga gefen ido har ƙasan kunne, kuma tun tana makaranta ta koyi sako gashi ta wannan gefen, ta koyi juya wa mutum dama idan za ta yi masa magana. Ba ta yi aure ba. An ce wani makanike daga garin gaba ya taɓa nema, uwarsa ta zo ta gan ta sau ɗaya, maganar ta mutu. Ba ta taɓa ɗauko min zancen ba, ni ma ban tambaya ba.

Amma hannu kam Allah ya ba ta. In ta ɗauki dogon tambulan ta jiƙa shi da ruwan sanyi, ta karkata shi, ta bi gefensa da giyar alkama a hankali, sai ka ji surutun tebur ya ragu. Takan bar ɗan saura a kwalba, ta murza kwalbar tsakanin tafukanta har yis ɗin da ya kwanta a gindi ya tashi, sannan ta ɗora shi a sama. Kumfarta takan tsaya ƙyam a kan bakin tambulan, ba ta zuba, ba ta kwanta, har mutum ya gama gaisawa da kowa. Da wannan hannun ta riƙe mashayar Vitus, shi ma ya sani.

Abu biyu ne kowane yaro a garinmu ya sani tun kafin ya isa sha. Na farko, ɗan gida ba a tambayarsa abin da zai sha. Yana rataye hula, yana ja kujera, giyarsa tana sauka a gabansa. Baƙo ake tambaya. Na biyu, ba a sa lemon tsami a giyar alkama. Yana kashe kumfa, yana ɓata ƙamshi, kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido kaɗai ke nema. Muna ba su, mu koma kicin mu yi dariya.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya kan wannan doka shi ne Quirin Oberloher. Shi ne mai kula da ciniki a kamfanin giyar garinmu, kuma shi ne ke zama a babbar kujerar teburin 'yan gida, bayansa jingine da murhun ɗumama ɗaki. Ƙato ne mai gashin baki, tuntun hularsa ya fi na kowa tsayi, bakinsa kuma ya fi tuntun. Rabin sunayen tsokanar da ke garin shi ya raɗa su. In ya hango baƙo da lemo a tambulan sai ya ce, yadda kowa zai ji, "Burgi, kai masa sukari da cokali mana, ai shayi ya zo sha." Teburin ya kwashe da dariya, baƙon ya yi ta murmushi bai san da shi ake ba.

A shekarar da kamfani ya fara aika giyarmu Ingila, aka ce za a yi mata talla a talabijin ɗin can, kuma a mashayarmu za a ɗauka. Suka zo da rani, mota cike da fitilu da wayoyi. Quirin ne tafinta, tunda shi ya taɓa zuwa Landan, kuma shi kamfani ya ɗora wa duba komai kafin a fitar. Daraktan wani siriri ne mai jan gyale a wuya, cikin wannan zafin. Ya zauna ya nemi abin sha, Walburga ta zuba masa, ya miƙe tsaye bai ko taɓa tambulan ɗin ba. Ya yi ta zuba Turanci yana nuna ta.

"Wai ke yake so," in ji Quirin. "Ke za ki zuba a tallar."

"Ka ce masa ina da aiki."

"Wai kuma ki ɗaure gashin baya. Haka yake son fuskar, yadda take."

Ta dube shi ta ga ko tsokana ce. Daraktan da kansa ya matso, ya nuna gashin, ya nuna baya, ya haɗa hannu yana roƙo. Ta shigo kicin ta tsaya gaban ɗan madubin da ke bayan ƙofa. Ni na ɗaure mata gashin da hannuna. Na yi shekaru ina aiki da ita ban taɓa ganin kunnenta na hagu ba sai ran nan. Ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta ce, "Zenzi, bai yi muni sosai ba ko?" Na ce bai yi ba. Gaskiya na faɗa mata, kuma har gobe ina jin zafin wannan tambayar.

Ranar Litinin aka ɗauka, ranar da muke rufe mashaya, don haka ba ɗan tebur ko ɗaya a wurin sai Quirin, wanda aka ba aikin zama ya sha a matsayin cikakken ɗan gari. Akwai wata yarinya fara sol da suka ɗauko daga Munich, aka ce ita zama kawai za ta yi a gefe. Walburga ta yi ta zubawa cikin sabuwar rigar da ta ɗinka, fitilu na dukan fuskarta, ba ta sunkuyar da kai ba. Da aka zo kan Quirin, sai wani daga cikinsu ya ciro lemon tsami ya yanka ya maƙala a bakin tambulan. Wai haka mutanen Ingila suka san giyar alkama. Na zaci rufin ɗaki zai tashi. Ina, gogan ya ɗan waiga hagu da dama, ya ɗaga tambulan ya sha, ya lumshe ido, har da shafa gashin baki.

Da aka tashi ya same mu a kicin. "Burgi, Zenzi, wannan a tsakaninmu. A Ingila kaɗai za a nuna, ba wanda zai gani a nan."

"Ban ga komai ba," in ji Walburga. Kuma ta riƙe masa. Ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba.

Da kaka ta shigo, mai kamfani ya ba Vitus kaset ɗin tallar a matsayin tukuici, bai shawarci Quirin ba. Vitus kuwa ya shelanta wa gari cewa ranar Lahadi bayan coci za a kalla. Mashaya ta cika har bakin ƙofa. An ɗauko mahaifiyar Walburga daga bayan daji, tsohuwa da sanda, aka ba ta kujerar gaba. Walburga ta sa rigar nan, ta ɗaure gashi baya da kanta. Quirin ya shigo a makare, fuskarsa ba walwala.

Aka kunna. Ga cocinmu, ga duwatsu, ga kiɗa. Ga hannun Walburga, kowa ya gane shi, yana karkata tambulan, yana murza kwalba, yana ɗora kumfa. Kyamara ta bi hannun ta hau sama, sai ga fuskar yarinyar Munich tana murmushi. Tsohuwa ta ce, "Ina Burgi?" Kafin a gama haɗiye wannan, sai ga Quirin ya cika talabijin, da tuntu da gashin baki, da yankin lemo rawaya ɗau a bakin tambulan. Ya sha, ya lumshe ido. Aka rubuta wani abu da Turanci, talla ta ƙare.

Sai Emmeram maƙeri, wanda ke zama a hannun daman Quirin, ya ce, "Quirin, meye wancan na gani a bakin..."

Bai bari ya ƙarasa ba. Na ga lokacin da idonsa ya zagaya ɗakin yana neman wanda zai jefa wa wutar, ya sauka kan Walburga. Ya buga tebur ya ce, "Kun ga aikina? Mai jan gyalen nan ya nace sai ya sa fuskar Burgi. Na ce masa, malam, giya muke sayarwa. Hannun ya isa, fuskar a bar mana a gida, kada Ingila ta maido mana da kaya."

Aka yi dariya. Zan so in ce 'yan kaɗan ne suka yi, amma ƙarya ne, ɗakin ne gaba ɗaya, har da matan da muka fito coci tare. Mutanenmu in suka ji kunya dariya suke nema su ɓuya a ciki, shi kuma ya san haka. Aka manta da lemo. Tsohuwa ta ci gaba da tambaya ina Burgi, har wani ya raka ta mota.

Walburga ba ta yar da faranti ba, ba ta fita da gudu ba. Ta kwashe tambulan ɗin da suka ƙare, ta shigo kicin, ta tsaya gaban madubin ta kwance gashinta ta sako shi gefen hagu. Ni kuwa wuƙa a hannuna, ina ta ɗura wa Quirin ashar ƙasa-ƙasa. Ta juyo ta ce, "Zenzi, akwai lemon tsami?"

Na ce akwai. Na zaɓi mafi girma.

Ta fita ba komai a hannunta, ta tsaya a gefensa, ta haɗa hannu a gaba yadda take yi wa baƙi. "Barka da zuwa, yallaɓai. Me za a kawo maka?"

"Ke Burgi, wane irin me za a kawo? Yau kika san ni?"

"Muna da giyar alkama, muna da baƙa, muna da ruwan tuffa."

"Kawo min abin da na saba."

Ta dawo da tambulan, kumfa tsaye ƙyam, lemo a baki. Ta ajiye a gabansa a hankali. "Yadda muka ga kana sha a talabijin, yallaɓai. A sha lafiya."

Wannan dariyar ta fi ta farko, don Emmeram har da tari. Shi ne ya ce, "A matsa wa Ɗan Ingila, kada mu taka masa ƙafa." Sunan ya zauna daram, ko kafin kumfar ta gama kwanciya. Quirin ya yi yaƙe, ya cire lemon ya jefar, ya ce to an yi ɗaya da ɗaya. Shi a tunaninsa wasan yini ɗaya ne.

Washegari ta tambaye shi me za a kawo masa. Jibi ma haka. Aka yi Kirsimeti, aka shiga azumi, aka fita, tana tambaya, ina yankawa. Da ta ga yana cirewa ya jefar, sai ta fara goga lemon a bakin tambulan tukuna, ta ɗan matsa a ciki, sannan ta maƙala. Ya kai ƙara wurin Vitus. Vitus mutumin kirki ne amma ba shi da ƙashin baya, sai ya ce bari shi ya kai da kansa. Ya zuba, ya ɗauka, bai yi taku uku ba Walburga ta kwance ƙyallen gabanta ta ninke ta ajiye a kan kanta, ta nufi inda take rataye jaka. Vitus ya dubi ɗakin da ya cika da mutane, ya dubi kumfarsa da ta riga ta kwanta, ya dawo ya miƙa mata tambulan. Bai sake sa baki ba.

Quirin ya yi fushi ya koma mashayar garin gaba. A can ma tambayarsa aka yi me zai sha, kuma a can da gaske baƙo ne, ba murhun jingina, ba mai dariyar maganarsa. Bai daɗe ba ya dawo. Mutum irin Quirin zai iya rayuwa ba abinci, amma ba zai iya ba in ba tebur.

Wata safiya kafin a buɗe ya zo ƙofar kicin ta baya da furanni a hannu, yana ta goge ƙafa. "Burgi, don Allah ya isa haka. Wasa ne ya yi yawa. Ke ma kin san bakina."

"Na san shi."

"To ga ni na zo. Ki yi haƙuri."

Tana jera tambulan, ba ta juyo ba. "A ina ka faɗa?"

"A ina na faɗi me?"

"A tebur ka faɗa, ranar Lahadi, gaban uwata. A tebur za ka janye, ranar Lahadi, a tsaye, ba hula. Ka faɗi abin da ka yi da dalilin da ya sa ka yi. Ran nan zan daina."

Ya ajiye furannin a kan buhun dankali ya tafi. Na zuba su a kwandon shara ban tambaye ta ba. Daga ran nan kowa ya san farashin, shi ma ya sani, kuma duk Lahadi sai in leƙo ta tagata in ga ko yau ne. Wani lokaci yakan dafa tebur kamar zai miƙe, sai ya wayance da gyara wando.

Shekaru suka yi ta tafiya. Mahaifiyar Walburga ta rasu ba ta ji an janye maganar ba, wannan kuma na rubuta masa shi daban a zuciyata. Tsofaffin tebur suka riƙa raguwa, sababbi suka zauna, waɗanda ba su san shi da wani suna ba sai Ɗan Ingila. Na taɓa jin wata yarinya tana tambayar uwarta ko a Ingila ma ana sa wandon fata irin nasa. Shi kuwa ya gaji da cirewa. Da farko yakan tura lemon gefe da ɗan yatsa, daga baya ya bar shi inda yake, ya sha abinsa kamar bai gani ba. Ya daina tsokanar baƙi, don in ya buɗe baki sai wani ya nuna masa tambulan ɗinsa da haɓa.

Ranar da aka binne matarsa Afra, a mashayarmu aka ci abincin makoki. Afra mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa yi wa kowa komai ba, kuma na yi kukanta. Da Walburga ta leƙo ta taga ta miƙo hannu, na ce, "Har yau, Burgi?"

Ta ce, "Afra ce ta mutu, ba maganar ba."

Na yanka. Wasu sun ce mun yi rashin imani, matar Emmeram ma ta daina gaishe ni na wani lokaci. Ban damu ba. Duk waɗanda suka ce haka suna cikin ɗakin ran da aka yi dariyar, kuma ban ji ɗayansu ya je ya ba tsohuwar nan haƙuri ba.

Shekara kusan ashirin da tallar farko, wani babban kamfani ya saye namu, sai ga labari cewa za a yi sabuwar talla don Ingila. Wai mutanen can ba su manta da tsohon mai tuntu ba, kuma yanzu sun waye, suna son su ga yadda 'yan gida ke sha na gaskiya, ba lemo. Suna son tsohon nan dai, da hannun nan dai. Quirin ya riga ya yi ritaya, gashin bakin ya yi fari, amma ran da ya ji sai da ya tsaya gaban coci yana tare mutane yana ba su labari. Ga ranar wanke suna ta zo. Duniya za ta gan shi yana sha yadda kakansa ya sha. Sai dai tambulan ɗin daga hannun Walburga zai fito, kuma ya san ba kyamarar da za ta hana ta.

Lahadin da ta zo kafin ɗauka, bayan coci, ya zauna, ta zo ta haɗa hannu. "Barka da zuwa, yallaɓai. Me za a..."

Ya miƙe. Gwiwa ta riga ta fara ba shi wahala, sai da ya dafa murhu. Ya cire hula. Ban san sanƙonsa ya kai haka ba. Na ajiye ludayi na fito bakin ƙofa, don wannan ba abin kallo ta taga ba ne.

"Jama'a, ku saurara," ya ce. "Tallar nan ta da, daraktan fuskar Walburga ya so. Ni na hana, don ina ganin na fi shi sanin abin da ke da kyau. Ta ga na sha da lemo, na roƙe ta, ta rufa min asiri. Ran da aka kalla, Emmeram zai tona ni, sai na jefa ta gaba don a yi dariyarta a manta da ni. Gaban uwarta na yi. Ba abin da ke damun fuskarta. Ni ne matsoraci."

Emmeram, wanda yanzu da ƙyar yake ji, ya sunkuyar da kai. Walburga ta tsaya tana kallon Quirin har ya rasa inda zai sa hular. Sannan ta ce, "Zauna, Quirin." Rabon da ta kira sunansa tun waccan kakar.

Ta je ta zuba, ta kawo ba tare da tambaya ba. Kumfa fara tas, bakin tambulan ba komai. Teburin ya ɗaga, aka gwara gindin tambulan da gindin tambulan yadda aka saba, idonsa ya kawo ruwa. Ya kai baki ya yi kurɓa mai tsawo.

Ni mai girki ce, aikina kallon fuskar mutum a lomar farko. Na ga girarsa ta haɗe. Na ga ya motsa harshe a baki kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Ya dubi tambulan, ya sake kurɓa, ya ajiye. Emmeram ya ce, "Yaya, ka dawo gida?" Ya ce, "Na dawo." Amma ran nan, karo na farko tun da na san shi, ya bar saura.

Ranar ɗauka darakta mace ce, matashiya, tana jin yarenmu sama-sama. Walburga ta iso gashinta ɗaure a baya, fari fat yanzu, tabon a fili, ba wanda ya ce ta yi hakan. Ta zuba, Quirin ya ɗaga ya sha.

"Baba, sake," in ji daraktar. "Ka sha kamar kana jin daɗi."

Ya sake. Ya lumshe ido, ya shafa gashin baki, amma bakin ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Baba, giyar garinku ce fa. Ka yi kamar magani aka ba ka."

Aka yi ta zubawa, kwalabe suka taru a bayan kanta, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. In ya yi murmushi kafin ya sha, yana haɗiyewa sai fuskar ta tona shi. Kyamara ba ta da kunya, ba ta kuma san shi ne mai kujerar murhu ba. Daraktar ta dafe kai, ta juya ga Walburga don ta nemi wani tambulan, sai ta tsaya cak. Walburga na jingine da kanta tana kallon Quirin, da wani ɗan murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba, irin na wanda ya ci ya ƙoshi. Daraktar ta yi wa mai kyamara alama ya juyo a hankali.

Daga baya ta matso ta rage murya, amma ɗakin ƙarami ne. "Mama, tsohon nan fuskarsa ta ƙi. Ya za mu yi da shi?"

Walburga ta goge hannu a ƙyallen gabanta. "Hannun ya isa," ta ce.

Na tambaye ta da yamma, muna wanke-wanke, ko ta san haka za ta faru. Ta ce, "Zenzi, tun ina budurwa nake kallon bakin mutane. Abin da ka ba harshe shekara da shekaru, shi zai nema." Ta ci gaba da goge tambulan.

Wannan karon jikar Vitus ce ta haɗa mana tallar a babban talabijin, ranar Lahadi bayan coci. Ga hannun Walburga, ya tsufa amma bai girgiza ba. Kyamara ta bi shi ta hau sama, sai ga fuskarta ta cika allon, da tabon, da murmushin nan. Sannan wani hannu mai ɗigo-ɗigon tsufa ya shigo daga gefe ya ɗauki tambulan ya fita da shi. Shi ke nan rabon Quirin. Aka tafa wa Walburga, ta gyaɗa kai sau ɗaya ta koma aiki. Ba wanda ya yi wa Quirin dariya, kuma ina ganin da an yi da ya fi masa sauƙi.

Giyarsa na gabansa tun shigowarsa, kumfa tsaye, bai taɓa ba. Da ta zo wucewa ya riƙe gefen ƙyallenta da yatsu biyu. "Burgi," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko akwai ɗan..."

"Ban ji ba, Quirin. Ɗakin da hayaniya."

Ba wata hayaniya, teburin gaba ɗaya ya yi shiru yana jira. Ya dubi Emmeram, ya dubi murhu, ya dubi giyar da kakansa ya sha, wadda ya yi shekara kusan ashirin yana jiran a ba shi ita yadda take. Sannan ya ce, yadda kowa zai ji, "Lemon tsami. A sa min lemon tsami."

Ta juyo ta taga ta miƙo hannu. Na riga na yanka tun da safe.